Amsa: Shin saƙon jijiya irin wutar da ke bin waya ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko saƙon da ke bin jijiya ɗaya yake da wutar da ke bin waya. Wuta ce kam, amma tafiyarsu ta bambanta. Na daɗe ina ɗinkin rauni a asibiti, kuma allurar kashe zafi ce ta sa na gane abin sosai.

Ƙwayar jijiya tana da doguwar jela da ake kira akzon. Idan tana hutawa, cajin cikinta yana wajen milibolt -70 (milibolt ƙaramin ma'aunin ƙarfin lantarki ne), sinadarin sodiyam ya taru a waje, sinadarin fotasiyam a ciki. A ƙwaƙwalwa, saƙonnin ƙwayoyin jijiya maƙwabta suna haɗuwa a gindin jelar, wasu na zugawa, wasu na kwantarwa. Da zugin ya kai ta wajen -55, sai wasu ƙananan ƙofofi su buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, caji ya juye ya haura +30. Nan take su rufe, fotasiyam ya fita, a koma gidan jiya. Kafin ƙiftawar ido an yi haka sau da yawa.

Ga inda ake ruɗewa. Ba wani abu ne ke gudu daga farko har ƙarshe ba. Kowane wuri ne ke tayar da na gabansa, kamar gobara a busasshiyar ciyawa, kuma inda ta ci ba ya sake kamawa nan take, shi ya sa saƙo ba ya komawa baya. Masana kimiyya Hodgkin da Huxley ne suka fayyace wannan a Ingila a 1952.

Lidoken, wato allurar kashe zafin da muke yi kafin ɗinki, ƙofofin sodiyam ɗin nan yake toshewa. Sai ka ga mutum yana kallon allura tana ratsa fatarsa, yana cewa yana jin ana taɓa shi amma babu zafi, domin siraran jijiyoyin zafi sukan riga na taɓawa yin shiru. Har yau abin yana burge ni.

Sauri kuma ya danganta da rigar kitse mai suna mayelin, wadda ke naɗe jelar gaɓa-gaɓa. Inda take, saƙo tsalle yake yi daga gaɓa zuwa gaɓa, har ya kai mita 120 a daƙiƙa. Inda babu, wajen mita ɗaya. Ka lura idan ka yi tuntuɓe: zafi mai kaifi ke fara isowa, sai bayan ɗan lokaci raɗaɗin ya biyo.