Kafin ka ɗora hoton mai zuba jari a shafinka

Ɗana, ka tambaye ni me za ka riƙa sawa a shafinka, me za ka bar wa shafin hukuma, tunda aikinmu jawo masu zuba jari ne kuma an fi sauraron mutum a kan tambarin ofis. Haka ne, an fi sauraron mutum.

Wani yaro na ofishinmu ka tuna mini da shi. Wani kamfani na son kafa injin casar shinkafa, an yi watanni ana lallaɓa shi har wakilansa suka zo ganin fili a bakin titi, kusa da layin wuta. Yaron ya ɗauki hoto da su, allon sunan ƙauyen a bayansu, ya ɗora a Facebook wai babban aiki na nan tafe. Ko takardar fahimtar juna ba a sa wa hannu ba. Kafin mako ya zagayo dillalai sun cika ƙauyen, sun saye gonaki da araha, suna dasa itatuwa suna jera bulo, don sun san a Dokar Filaye ta 1978 abin da ke bisa ƙasa ake biya wa diyya. Lissafin kamfanin ya rushe, ya kuma ga bakinmu ba ya riƙe magana, ya koma wata jiha. Manoma sun rasa gonaki, matasan garin sun rasa aiki. Har yau abin na ci mini rai. Ku yaran yanzu, yabon da za a yi muku a waya ya fi muku aikin da kansa.

Don haka sunan kamfani, wurin fili da yawan jari ba sa fita daga wayarka sai da izininsu a rubuce. In an sa hannu, shafin hukuma ne zai fara sanarwa, kai ka yaɗa nasu ka ƙara layi biyu. Hoton baƙo ma sai ka tambaye shi, akwai dokar kare bayanai tun 2023.

Shafinka na ilimi ne: yadda ake rajistar kamfani a CAC (hukumar rajistar kamfanoni), matakan samun takardar mallakar fili, inda riɗi ko zoɓo ke fitowa da watan kakarsu. Nan sunanka zai fito. Siyasa kuwa ka rabu da ita, mai kafa masana'anta ya san zai ga gwamnoni da yawa.

Masu zuba jari su kira ka a layin ofis, ka shigar da lambobinsu a rajista ranar da ka karɓa. Shafin hukuma kuma ya zama ma'aikata biyu na dindindin ke riƙe da shi, da imel ɗin ofis, kada a bar shi a hannun ɗan bautar ƙasa da zai tafi bayan shekara.