Gwiwa na ciwo, yatsa na sagewa: jikina ne ko keken?

Tambaya: Assalamu alaikum. Da girmana na koyi keke, kuma ban daɗe da fara hawa don motsa jiki ba. Da na yi rabin awa sai gaban gwiwata ya fara ciwo, mazaunaina su yi tsami, ƙaramin yatsana na dama ya sage. Na sauke sirdin sosai don ƙafafuna su riƙa taɓa ƙasa idan na tsaya. Wani ya ce in nemi sirdi mai faɗi da laushi. Jikina ne bai saba ba, ko keken ne bai dace da ni ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Cikin abubuwa ukun nan, ɗaya ne kawai sabo yake magancewa, wato tsamin mazaunai. Gwiwa da yatsa kuwa gyaran keke suke nema, kuma ka riga ka faɗi inda matsalar gwiwar take da bakinka: sirdin da ka sauke.

Kusan duk sabon mahayi haka yake yi, kuma ba laifi a kwanakin koyo, don tsoron faɗuwa ya fi komai a lokacin. Amma da zarar mutum ya iya, wannan tsayin ya gama aikinsa. Idan sirdi ya yi ƙasa, gwiwa tana a tanƙware ne a daidai lokacin da kake danna feda da ƙarfi, sai nauyin ya taru a ƙoƙon gwiwa. Kamar mutum ne ya ce zai yi doguwar tafiya a tsugune. Mai juya feda sau 70 a minti ɗaya ya tanƙwara gwiwar nan sau 2,100 cikin rabin awa, to ina mamaki don ta yi ƙorafi?

Ga yadda za ka gyara. Jingina keken da bango, ka hau, ka ɗora dunduniyarka a kan feda, ka juya ta zuwa can ƙasa. Ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata gefe ba. Idan ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, wanda shi ne mazauninsa na gaskiya wajen tuƙi, za ka ga gwiwar ta ɗan tanƙware kaɗan. Masu auna mahaya da na'ura suna neman wannan tanƙwarar ta faɗa tsakanin digiri 25 da 35.

In kana son lissafi, akwai lissafin da aka fi sani da sunan Greg LeMond, ɗan tseren keke na Amurka da ya ci gasar Tour de France ta ƙasar Faransa a 1986 da 1989 da 1990. Ka tsaya ba takalmi, ka matse littafi a matsematsinka, a auna daga bakinsa na sama zuwa ƙasa, sai ka ninka da 0.883. Abin da ya fito shi ne tazara daga tsakiyar ƙarfen da fedoji ke juyawa a kansa zuwa saman sirdi. Mai santimita 80 zai sami kusan 70.6. Ni dai mafari nake ɗaukar wannan lissafi, domin bai san kaurin takalminka ko taurin jijiyoyin cinyarka ba. Kada kuma ka tsallaka can a rana ɗaya. Ka riƙa ɗagawa da milimita 5, ka yi hawa biyu ko uku, sannan ka ƙara. Idan ciwo ya koma bayan gwiwa, ko ƙugu ya fara rangaji hagu da dama, ka wuce gona da iri, sai ka ɗan sauke. Ka lura da layin da aka zana a sandar sirdi: kada ya fito waje. In sai ka wuce shi kafin ƙafarka ta miƙe, keken ya yi maka ƙanƙanta.

Za ka ce, to yaya zan tsaya? Ka kama birki, ka zame gaba ka sauka daga sirdin, ka ajiye ƙafa ɗaya a ƙasa. Wajen tashi kuma ka ɗaga feda ɗaya sama, ka taka ta, ka koma kan sirdi yayin da keken ya motsa. Ka gwada a fili inda ba motoci har hannu da ƙafa su saba.

Giyar keke ma tana da hannu a ciwon gwiwa. Sabon mahayi yakan zaɓi mai nauyi don ya ji yana aiki. Sauko zuwa mai sauƙi, ƙafa ta riƙa juyawa da sauri, musamman wajen hawa tudu.

Shi kuma yatsan, akwai jijiyar da ta bi ta gefen tafin hannu zuwa ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi, ita ce kake dannewa. Duba sirdinka tukuna: idan hancinsa ya sunkuya, kana zamewa gaba ne, hannuwa suna tokare ka. Daidaita shi ya kwanta sak. Sannan kada ka sandare gwiwar hannu, kada ka damƙe kan keken kamar za a ƙwace, kuma ka riƙa sauya riƙo. Hannun birki ya kasance inda yatsu za su kai ba tare da wuyan hannu ya lanƙwashe ba. In har sai ka miƙe kafaɗa kafin ka kai, a ɗaga kan keken ko a matso da shi.

Batun sirdi mai laushi, dakata tukuna. A ɗan gajeren zagaye yana da daɗi, amma a doguwar tafiya ƙasusuwan zama biyu suna nutsewa cikin soso, sai soson ya tura sama ya matse naman tsakiya inda jijiyoyi suke, faɗinsa kuma ya riƙa goge cinya. Abin nema shi ne faɗin da zai ɗauki ƙasusuwan nan biyu, kuma mai zama a miƙe ya fi mai sunkuyawa buƙatar faɗi. Tsamin da ke kan ƙashi yakan ragu cikin 'yan makonni idan ana gajeren hawa ana hutawa tsakani, kana kuma miƙewa a kan feda lokaci lokaci. Amma sagewar matsematsi ko al'aura ba abin jurewa ba ne, a nan kam a sauya sirdi ko zamansa.

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ka sa alama da salatif a inda yake kafin ka kwance, in ba haka ba ba za ka gane wanne ya yi aiki ba. Idan gwiwar ta kumbura, ko tana ciwo ko da ba ka hau keke ba, ko yatsan ya kwana a sage, ka ajiye keken ka ga likita.