Inji yana zafi da zarar na ba shi wuta, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kwalekwalen katako a tafkin Lagdo, ina jigilar kifi da fasinja. Injina Yamaha ne mai doki 40, irin wanda ake haɗa wa fetur da mai. In ina tafiya a hankali lafiya lau, amma da na murɗa masa wuta sai kansa ya ɗau zafin da hannu ba ya iya taɓawa, ƙarfinsa ya ragu. Ga shi kuma yana fitsari, wato siririn ruwan sanyaya inji yana fita daga jikinsa. Wani ya ce in cire tamostat, abin nan da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, in huta. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka bar tamostat ɗin nan a wurinsa tukuna. Injinka ƙishirwa yake ji. A hankali ɗan ruwa kaɗan ya ishe shi, amma in ka cika masa wuta yana juyawa wajen sau 5,000 a minti, zafin ya ninka, ruwan da ke hawa kuwa bai ƙaru yadda ya kamata ba.

Fitsarin nan shi ke ruɗin mutane. Abin da yake nunawa kawai shi ne famfo na tura wani ruwa, ba wai ruwan ya wadata ba. Ka sa yaronka ya tara hannu kana ƙara wuta. In ya raunana, ko yana tsinkewa, ko ya yi zafi, to magana ta fito.

Fara da abin da ba ya cin ko sefa ɗaya. Ɗaga injin ka duba ramukan shan ruwa da ke gefen ƙafarsa, sama da farfela. Ciyawa, leda, guntun koma, duk suna liƙewa a nan. Sannan ka dubi yadda aka ɗora shi. Faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela ya kamata ya yi daidai da gindin kwalekwale, ko ya ɗan nutse da kamar santimita 2. Masassaƙa da yawa suna barin katakon baya da tsawo, sai jirgi ya ɗau gudu, ramukan su riƙa shan kumfa da iska maimakon ruwa. In zafin ya fi zuwa ranar da ba ka da kaya, ko ka tara lodi a gaba, wannan ne.

Amma ni inda na fi zargi shi ne impela, robar nan mai fukafukai da ke cikin famfo. Ruwan Binuwai da ke cika Lagdo yana zuwa da laka, kuma daga Maris zuwa Mayu, lokacin da tafki ya ja baya, kowa na jan injinsa cikin rairayi a bakin gaɓa. Rairayi yana cin robar, yana kuma yi wa farantin da ke ƙarƙashinta zane. Don haka in an buɗe, kada a canja roba a bar faranti da kofin da suka karce, aikin banza ne. In fiffike ya ɓalle, a nemo guntun, domin yakan hau bututu ya toshe hanya. Mai aiki kullum irinka, sau ɗaya a shekara ya canja ta. Wani hali kuma da nake gani, a ta da inji a tudu don a ji ƙararsa: daƙiƙoƙi kaɗan ba ruwa sun isa su ƙone ta.

Sai yanzu a zo kan tamostat. A jefa shi cikin ruwan zafi, ya kamata ya buɗe tun ruwan bai kusa tafasa ba. In ya ƙi, a sa sabo. Cire shi gaba ɗaya yana sa inji ya yi ta aiki da sanyi, fulogi ya yi baƙi, ainihin cutar kuma tana nan.

Kada ka manta da fetur. Zuwa-zuwa, fetur ɗin da ake sayarwa a bakin hanya, yakan zo da datti, in ya toshe kafireto fetur ya yi kaɗan a babban gudu, shi ma zafi ne. Ka tace, ka kuma riƙe ma'auni: lita 1 ta mai a lita 50 ta fetur.

In duk waɗannan lafiya, kwance fulogi. Wanda ya fito fes kamar an wanke shi, ko da ɗigon ruwa a bakinsa, gasket ɗin kai ne ya ƙone, sai a kai wa makaniki a Garwa ya buɗe, ya kuma kankare lakar da ta daskare a hanyoyin ruwa. Kafin nan, in ya yi zafi kana tsakiyar tafki, rage wuta, ka kashe, ka share ramukan, ka bar shi ya huce da kansa. Kada ka watsa wa kan ruwan sanyi, yana iya tsagewa.