In aka rufe gada a Ikko, ina motocinta suka koma?

Ɗana, ban amsa maka jiya a tashar Tudu ta nan Akra ba saboda ga lodi ga hayaniya, kuma tambayar taka ba ta tsaye ba ce. Ka ce ana raɗe-raɗin za a sake rufe wata gada a Ikko don gyara, ka ce mini: "Maigida, in haka ta faru muna ɗauke da 'yan kasuwa, ta ina za mu bi? Ko mu bar taswirar waya ta ja mu?" To, buɗe kunne.

Raɗe-raɗi dai ajiye shi gefe tukun, sai an tabbatar. Amma ko an rufe ko ba a rufe ba, dole ka san kwanciyar garin. Ikko kashi biyu ce: ɓangaren tudu, inda yawancin jama'a ke kwana, da tsibiri, inda kasuwannin Idumota da Balogun da manyan ofisoshi suke. Gadoji uku ne suka haɗa su. Akwai Carter, tsohuwar cikinsu, wadda ta tashi daga Iddo ta sauke ka a Idumota. Akwai Eko, ta shekarun 1970, daga wajen Ijora da Costain zuwa Apongbon. Sai babbar, Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, wadda Babangida ya buɗe a 1990, ta ɗauko daga Oworonshoki ta bi saman ruwa har Adeniji Adele. Ita ce aka fi jin labarin rufewarta. An rufe rabinta a watan Yuli na 2020, aikin ya kai Fabrairun 2021, sai dai lokacin iyakoki a garƙame suke, mu nan Akra muna zaune muna gadin motoci. Wadda ta taɓa mu ita ce ta Janairun 2024, da aka buɗe a farkon Afrilu.

Yanzu dubi hanyarmu. Mu fita Akra, Tema, mu haye Volta a Sogakope, Aflao, Lome, mu ratsa Togo da ba ta kai kilomita 60 ba ta bakin teku, Hilakonji, Kwatano, Seme, Badagiri, sai Mile 2. Daga nan mai shiga tsibiri ya miƙe Orile, Iganmu, ya wuce babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa, ya hau Eko. Ka ga Third Mainland a ciki? Babu ita. Nan ne sabon direba ke washe baki ya ce ai abin bai shafe shi ba, nan ne kuma yake shiga uku.

Ka san babbar kwatar unguwar Nima ta nan Akra in damina ta yi ƙarfi. Toshe ta a wuri guda, ruwan ba ya komawa sama, gidajen da ba su ji ba ba su gani ba yake shiga. Haka motocin gadar da aka rufe suke. Mutumin Ikeja da na Ketu da na Gbagada, da ya saba hawa ta Oworonshoki, yanzu sai ya gangaro titin Ikorodu. A Jibowu su rabu biyu: wasu su yi Ojuelegba su bi titin Funsho Williams, wanda tsofaffin direbobi har gobe Western Avenue suke ce masa, su faɗo Eko, daidai inda kai ma za ka hau. Sauran su bi Yaba, Oyingbo, Iddo, su cika Carter. Saboda haka duk lokacin da ka ji an rufe gada, abin da za ka fara tambaya shi ne ina motocinta suka koma, da ƙarfe nawa kuma suke komawa can.

Maganar ƙarfe nawa ɗin nan ita ce zuciyar aikin. Ba kasafai suke rufe gada irin wannan gaba ɗaya ba. Hannu ɗaya suke rufewa, ɗayan kuma su raba shi da agogo. A 2024, daga tsakar dare zuwa sha biyun rana masu shiga tsibiri ne ke bi, daga sha biyun rana zuwa tsakar dare kuma masu fitowa. Yi lissafin da kanka. Da safe babbar gada tana kwashe masu shiga, don haka Eko tana ɗan numfashi ta ɓangarenmu. Da zarar an juya hannu, duk mai shiga tsibiri ya dawo kanmu. Wanda ya iso Costain ƙarfe biyun rana da niyyar shiga Idumota, to ya yi azahar da la'asar a kan sitiyari. Ni abin da na ɗauka shi ne mu kwana a Seme ko Badagiri, mu tashi kafin asuba mu riga ma'aikata, ko kuma mu bar guguwar safe ta lafa mu shiga da hantsi. Fitowa kuma bayan an juya hannu, amma kafin a tashi daga ofis.

Ga wani abu ƙarami da ke kayar da 'yan Gana. Agogonmu da na Togo ɗaya ne, amma kana taka Hilakonji an ƙara awa guda, Binin da Najeriya suna gabanmu. Ka duba tsintsiyar hannunka ka ga sha ɗaya, kana cewa da sauran lokaci, alhali a Ikko sha biyu ta buga, an riga an ja shinge. Waya takan gyara kanta in ta kama layin ƙasar, agogon jikin mota ba ya yi. Aikinka ne daga yau: ana buga mana takardu a boda, kai kana gyara agogon.

Taswirar waya kuwa ban raina ta ba, kada ka ce tsoho ya tsani zamani. Tana nuna maka jan layi inda goslo ya kama, kuma wannan alheri ne da ba mu samu ba muna samari. Sai dai ba ta san girman motarka ba, ba ta san kana da kaya a sama ba. In babban titi ya cushe, za ta karkata da kai cikin unguwa, lungun da ɗan acaba ne kawai ke juyawa a ciki, kuma kowa da ke riƙe da waya can ta tura shi. Mafi muni, lungun na iya zama wanwe, kuma dokar Ikko a kan wanwe ba wasa, har mota ana iya ƙwacewa. Haka layin manyan bas na BRT: ko ka gan shi fayau babu kowa, ko ka ga ɗan gari ya shiga, kai da lambar Gana a gaban motarka kada ka sa taya. Jami'an LASTMA, masu kula da zirga-zirgar motoci a Ikko, na nan a manyan mahaɗa, in sun ɗaga maka hannu ka bi inda suka nuna. Sauke taswirar garin cikin wayar tun muna nan, domin data takan ɗauke daidai lokacin da ake nemanta.

Labari na gaskiya yana bakin direban da ya fito jiya. Matambayi ba ya ɓata, amma ka iya tambayar. A Aflao ko Seme, nemi wanda ƙurar Ikko ke jikin motarsa, ka gaishe shi da kyau, ka saya masa shayi in da hali. Kada ka ce "yaya hanya?", zai ce maka lafiya lau. Ce masa: ƙarfe nawa ka bar Mile 2, ƙarfe nawa ka sauka Apongbon, tirelolin Apapa da tankokin mai sun fito kan titi ko suna ciki, ana barin manyan motoci su hau ko an hana? Ka tambayi mutum biyu, in bakinsu ya zo ɗaya ka riƙe. Kana shiga gari ka murɗa rediyo zuwa 96.1, tashar da gwamnatin jihar ta ware don labarin hanya.

Wani lokaci ma dabara ita ce kada motar ta haye ruwan sam. Tun watan Satumba na 2023 jirgin ƙasa yana tashi daga Mile 2 zuwa Marina. Hajiyar da za ta Balogun da jakar hannu kawai, ka sauke ta ta hau jirgi, za ta riga ka isa. Mai zuwa Alaba ko Trade Fair tun kafin Mile 2 ya sauka. Mai zuwa Mile 12 ko Agege ba ruwansa da tsibiri, Oshodi zai nufa, sai dai ka gaya masa gaskiya cewa titin Ikorodu ma ya sha lodi. Wannan tun a Tudu ake tantance shi, lokacin da kake ɗaure kaya: na masu sauka da wuri a baki, na 'yan tsibiri a ciki. Kuma tun a nan za ka faɗa wa fasinja cewa za a kwana a hanya. In ka bari sai a Badagiri suka ji, zagin da za ka sha ya ishe ka guzuri.

Mu ma nan gida mun ga irinta. Da aka rufe gadar Adomi a Atimpoku a watan Maris na 2014, sai a ƙarshen 2015 aka buɗe. Masu zuwa Ho da Hohoe suka koma layin fanto, jirgin ruwan da ke haye da motoci, a Senchi, waɗanda suka gaji da jira suka zagayo ta Sogakope, kan hanyarmu ta Aflao da ba ta haɗa komai da Adomi ba. Ita ma Eko ɗin da muke taƙama da ita, gobarar da ta tashi ƙarƙashinta a Apongbon a Maris na 2022 ta sa an rufe sashenta fiye da shekara, ba sanarwa ba shiri. Shi ya sa nake so hanya ta biyu ta zauna a kanka: daga Ijora ka karya ta Iddo ka hau Carter.

Saura ita motar. Goslo na awa uku a kan gada ba ya cin taya, lagireto da kuloci yake ci. Fanka in tana wasa, a can za ta tona maka asiri, tururi na tashi, bayanka ana ta hon, ga ruwa hagu da dama, babu inda za ka raɓe. Gobe da safe kafin lodi ka duba fanka da bel, ka cika jarkar ruwa biyu, ka gwada iskar safaya. Tanki kuma kada ya gaza rabi in za mu hau kowace gada. Ka ciro katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa ka duba ranar ƙarewarsa, ka haɗa shi da katin rigakafin shawara naka da nawa, ka kawo mini in gani kafin azahar.