Outlook ya ƙi buɗewa, mai gyara ya ce a goge kwamfutar: in yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni sakatariya ce a wani ofishin lauyoyi da ke Garki, nan Abuja. Shekaranjiya aka ɗauke wuta ina tsaka da aiki, tun daga nan Outlook, manhajar imel ɗin kwamfutata, ya ƙi buɗewa, sai ya tsaya cak ya ce fayil ɗin bayanai ya samu matsala. Wasiƙun shekara da shekaru suna ciki, ga kalandar Oga mai ɗauke da ranakun zaman kotu. Na kai wa wani mai gyara a Wuse, ya ce a yi wa kwamfutar fomatin, wato a goge duk abin da ke cikinta, wai komai yana kan intanet, da na sa kalmar sirri za su dawo. Hankalina bai kwanta ba. In bar shi ya goge?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, kada ki bari. In kwamfutar tana shagonsa, ki kira shi yanzu ki ce ya dakata, ki je ki ɗauko kayanki. Matsalarki tana da magani, amma in aka goge, mai yiwuwa sai dai haƙuri.

Wannan magana ta "ai komai yana kan intanet" ita ce ta fi kowace cuta cin wasiƙun mutane a ofisoshin garin nan. Kullum sai na ji ta, daga bakin masu gyara har daraktoci. Sun saba da Gmail a waya, inda za ka canza waya ka ga komai ya dawo, sai suka ɗauka haka Outlook na kwamfuta yake. Alhali abin ya danganta da yadda aka haɗa akawun ɗin tun ranar farko, kuma hanyoyin uku ne.

In da Exchange ko Microsoft 365 aka haɗa, mai gyaran ya yi gaskiya: wasiƙu da kalanda da adireshin mutane duk suna kan saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye imel a intanet. In da POP aka haɗa, wanda ƙananan ofisoshi da dama masu imel da sunan kamfaninsu suka gada daga wanda ya yi musu shafin intanet, to labari ya sha bamban. POP tamkar akwatin gidan waya ne: kin je kin kwashe wasiƙunki, akwati ya koma fanko. Outlook yana sauke saƙo ya zuba a fayil ɗaya mai ƙarewa da .pst a cikin kwamfutarki, kuma in ba wanda ya taɓa saitin, yakan share kwafin da ke saba bayan kwana 14. Ke nan in aka yi fomatin kika sa kalmar sirri, wasiƙun mako biyu za ki gani, sauran shekarun sun tafi. Waɗanda kika aika ma galibi ba su taɓa kwana a saba ba.

Na ukun, IMAP, shi ya fi yaudarar masu gyara, har da waɗanda suka ɗan san aiki. Wasiƙu kam suna kan saba. Amma IMAP ba ya ɗaukar kalanda ko adireshin mutane, ba a gina shi don haka ba. Tun daga Outlook 2013, manhajar tana ajiye su a cikin fayil na .ost, kuma in kin lura za ki ga an rubuta "This computer only" a gefen sunan kalandar, wato a wannan kwamfutar kaɗai take. Mai gyara zai goge, wasiƙu su dawo tsaf, ya karɓi kuɗinsa yana murmushi, ke ma ki yi godiya. Sai ran Litinin Oga ya tambayi ranar da aka ɗage wata shari'a, a buɗe kalanda a tarar da ita fara fat. Haka nan shawarar da ke yawo cewa "ka share .ost kawai, zai sake gina kansa" daidai ce ga mai Exchange, guba ce ga mai IMAP.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, gano wanne ne naki bai fi aikin minti biyu ba. Ko Outlook bai buɗe ba, a shiga Control Panel, a danna Mail, a duba jerin akawun, nau'in yana nan a rubuce. Ko ki shiga imel ɗin ta burauza ki nemi wasiƙar bara da ranakun kotun Oga. Abin da ba ki gani a can ba, a kwamfutarki kaɗai yake. Mai gyaran da bai yi wannan binciken ba ya zabura zuwa fomatin, ba gyara ya iya ba, goge-goge ya iya, don shi ne aikin da ba ya buƙatar tunani.

Yanzu gyaran. Kafin a taɓa komai, a tabbata Outlook a rufe yake, a kwafi fayil ɗin zuwa ma'ajiyar bayanai ta waje (hard disk). Na .pst yakan zauna a Documents, cikin foldar Outlook Files, na .ost yana ɓoye a AppData, ƙarƙashin Local, Microsoft, Outlook. Ki tsaya a kansa ki ga girman kwafin ya yi daidai da na asali. Daga nan a nemo scanpst.exe, ƙaramar manhajar gyara da ke zuwa tare da Office, tana cikin foldar da aka girka shi. A nuna mata fayil ɗin, ta bincika, a danna gyara. Kada ki firgita in ta yi kamar ta daskare, babban fayil yana cin lokaci, kuma wani lokacin sai an maimaita sau biyu ko uku. Ɗauke wuta ana tsaka da rubutu cikin fayil shi ne ainihin irin raunin da aka yi ta dominsa, kuma sau da yawa tana warkar da shi. Saƙonnin da ta tsinto ba ta san mazauninsu ba za ki same su a wata folda mai suna Lost and Found.

In har yanzu yana tirjewa, ki danne Ctrl yayin buɗe shi don ya tashi ba tare da ƙarin manhajojin da aka liƙa masa ba. In ya buɗe a haka, ɗaya daga cikinsu ce mai laifin, sai a kashe su ɗaya bayan ɗaya. A duba girman fayil ɗin kuma: tun daga Outlook 2010 iyakarsa gigabait 50 ne, kuma tun kafin ya kai can yake fara jan ƙafa. Ofishin lauyoyi da ake ta aiko wa takardun da aka yi wa sikanin yana cika shi da wuri, sai a raba tsofaffin shekaru zuwa wani fayil daban.

Ranar da ya buɗe, kafin ki amsa wasiƙar kowa, ki fitar da kalandar da adireshin zuwa .pst daban ta Import/Export, ki ajiye a wajen kwamfutar, ki riƙa maimaitawa duk Juma'a kafin a tashi. Sannan ki rubuta wa Oga takardar neman UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Na san yadda ake yi, takarda za ta kwana a teburin akanta har a manta da ita, don haka ki rubuta a layin farko cewa ranakun kotunsa ne suka kusa salwanta.