Haɗa farantan sola iri biyu don cajin mota a gida

Ɗana, jiya a kan rufin Alhaji a unguwar Zariya ka tambaye ni me ya sa ba za mu jera tsofaffin farantansa shida masu wat 250 da sababbi shida masu wat 550 a igiya ɗaya ba, tunda duk rana ɗaya suke sha. Zauna ka ji.

Wat ɗin da ke bakin mai shago ba shi za ka fara dubawa ba. Juya farantin, ka karanta takardar da ke manne a bayansa. Tsohon yana aiki a wajen bolt 30 da amfa 8, sabon kuma bolt 41 da amfa 13. In ka haɗa su a seri, wato a igiya ɗaya, + na wannan a − na mai bi masa, bolt ne ke taruwa, amma amfa sai ta bi ta mai ƙaramin ƙarfi, kamar ayarin da gurgun raƙumi ke ciki. Yi lissafi: bolt 430 sau amfa 8, wat 3,440 ke nan, alhali Alhaji ya biya kuɗin wat 4,800. In kuma paralel ka yi, wato + da +, − da −, tsofaffin su janyo bolt ɗin sababbin ƙasa, asarar dai tana nan.

Shi ya sa na ce ya sayi inbata mai ƙofar MPPT biyu, wato ƙofar da ke daidaita bolt da amfa don ta tatso iyakar ƙarfin farantan da aka jona mata. Tsofaffi shida a ƙofa ɗaya, bolt 180. Sababbi a ɗayar, wajen 250. Kowa ya yi tafiyarsa. Amma duba littafin inbatar, ka ga mafi ƙarancin bolt da take tashi da shi, da iyakar abin da take ɗauka, don da sanyin safiyar hunturu bolt na hawa.

Kada kuma ka yi wa mutum alkawarin wat 4,800. A watan Afrilu nan Maraɗi faranti kan yi zafin da ba ka iya ɗora masa hannu, ƙarfinsa ya ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari, ga ƙurar hunturu in ba a sharewa. Na taɓa yin wannan alkawarin ina sabon hannu, har yau ina jin nauyin mai gidan.

Ita motar lantarkin da Alhaji ke son caji tana cin wajen kilowat-awa 15 a tafiyar kilomita 100. Ƙaramar cajar da ke zuwa da ita, mai amfa 10, za ta mayar da wannan cikin awa bakwai, kuma rufin zai ɗauka. Babbar mai kilowat 7 kuwa ta fi ƙarfinsa. Ka gaya masa ya jona daga hantsi zuwa la'asar, don in ya bari sai dare, batiran gida za ta tsotse, iyali su kwana ba fanka.

Gobe ka zo da mita, mu auna tsofaffin ɗaya bayan ɗaya. Na ga na gefen gabas ya fara ƙonewa a kusurwa.