Me ya sa ba a jin bugun jini a hannunta na hagu?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanwata ce, shekararta 24. Ta daɗe tana fama da zazzaɓi mai zuwa ya tafi, ga kasala, ga rama. An yi ta ba ta maganin maleriya da taifod, shiru. Yanzu kuma in ta ɗan yi wanki sai hannunta na hagu ya mutu. A asibiti an laluba bugun jini a wuyan hannun an rasa, aka ce cutar Takayasu ce. Wace irin cuta ce wannan? Ana ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba ta lafiya. Ki kwantar da hankalinki, ba a ɗauka, ko da kwano ɗaya kuke ci.

Garkuwar jiki aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta. A wannan lalura sai ta ruɗe ta juyo kan jijiyoyin jinin mai ita, musamman babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya da rassanta masu zuwa hannuwa, wuya da ƙoda. Bangon jijiyar ya kumbura, ya yi kauri, hanyar jini ta tsuke. Shi ya sa hannun ke mutuwa in ta sa shi aiki: tsoka na neman jini, hanya ba ta isa. Shi ya sa kuma aka rasa bugun jini a wuyan hannun. Sunan kuwa na wani likitan ido ne ɗan Japan, Mikito Takayasu, da ya bayyana ta a 1908. Ta fi kama mata, galibi kafin su kai shekara 40.

Ban yi mamakin yadda aka daɗe ana bin maleriya ba. Farkon cutar ba ta da wata alama tata, sai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, kuma a wurinmu wa zai ga zazzaɓi ya fara tunanin jijiya? Gwajin jini na ESR da CRP yana nuna akwai kumburi, amma hoton jijiyoyi na CT ko MRI ne ke nuna inda aka tsuke.

Ga abin da nake so ki riƙe. Awon hawan jini a hannun da jijiyarsa ta tsuke yaudara ne. Yana iya nuna ƙasa-ƙasa alhali tana da hawan jini, musamman in jijiyar ƙoda ta taɓu. A riƙa aunawa a hannu biyu, in ta kama har a ƙafa.

Magani yawanci da prednisolone ake farawa, a haɗa da methotrexate ko azathioprine don a samu a rage prednisolone ɗin a hankali. Duk magungunan nan danne garkuwar jiki suke yi. Kafin a danne garkuwa ya kamata a gwada ta tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, domin suna iya farfaɗowa, kuma duka biyun ba baƙi ba ne a Arewa. Prednisolone zai iya sa fuskarta ta cika, sukari ya hau. Nan ne 'yan mata da yawa ke ajiye shi a ɓoye, kuma yanke shi farat ɗaya haɗari ne babba.

In akwai maganar aure ko ciki, ta faɗa wa likitanta tun da wuri, don methotrexate na illata ɗan tayi. In kuwa ta ji ciwon ƙirji, gani ya dushe, ko ɓarin jiki ya saki, a tafi asibiti a take, kar a jira ranar da aka ba ta.